Jinin Jariri Da Maganin Amosanin Jini

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa ya san irin yaron nan da ba ya cika wata guda a aji ba tare da fashi ba. Idanunsa rawaya, jikinsa babu ƙwari, da zarar hunturu ya kama sai a ce yana gida kwance, ƙasusuwa suna saransa. Mutanenmu suna kiran wannan ciwo amosanin jini, a asibiti kuwa a kan ce sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a kan haifi jarirai wajen 150,000 da shi a Nijeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu yawa.

Amma akwai wani abin mamaki game da ciwon nan. Gadonsa a ke yi, watau tun yaro yana ciki ya ke ɗauke da shi, duk da haka sai a haife shi lafiya lau, ya sha nono ya yi ɓulɓul. Sai ya kai wata biyar ko shida sa'an nan hannuwa da ƙafafu su soma kumbura. Me ke kāre shi cikin watannin nan na fari? Masana sun yi shekara sittin suna bin sawun amsar, mun kuwa ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu abin da suka samo, gama daga cikinta magani ya fito.

Littafi Da Kwafi

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da wani dogon rubutu da a ke kira DNA, mai haruffa wajen miliyan 3,000. Cikin rubutun nan akwai babi wajen 20,000, kowanne umurni ne na ƙera wani furotin, su ne a ke kira ƙwayoyin gado. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki, wani ya narkar da abinci, wani ya yaƙi cuta, wani ya ɗauki iska.

Akawu zai gane wannan da sauri. Littafin asali ba ya barin ma'aji. In za a yi aiki da wani babi sai a juyi kwafinsa, wanda masana ke kira mRNA, a aika wurin maƙera, su kuwa su ƙera furotin bisa ga abin da ke cikin kwafin. Littafin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne ke cikin ƙwayar ido, harafi da harafi. Bambancinsu, kowace da babin da ta ke buɗewa, da yawan kwafin da ta ke juya. Saboda haka masu bincike su kan auna abu biyu, yawan kwafi da yawan furotin da ya fito, domin ba kullum ne su ke tafiya daidai ba. Dā babi ɗaya-ɗaya a ke aunawa. Daga 1995 aka sami dabarar auna da yawa a lokaci guda, daga 2008 kuma aka shiga ƙidaya kwafin dukan babobin gaba ɗaya.

Waɗanda suka fara nuna yadda a ke buɗe babi da rufe shi Faransawa ne biyu, François Jacob da Jacques Monod, a birnin Faris cikin 1961. Sun duba wata ƙwayar halitta da ke zaune a hanji, suka ga ba ta ƙera furotin mai narkar da sukarin madara sosai sai in akwai sukarin a kusa. In babu, wani furotin dabam ya kan zauna a bakin babin kamar dogari a ƙofar fada, ya hana a juya. An ba su kyautar Nobel cikin 1965.

Kuskure A Wuri Guda

Furotin da ke ɗaukar iska cikin jajayen ƙwayoyin jini sunansa himogulobin. Cikin 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Cikin 1957 Vernon Ingram a Kembirij ta Ingila ya gano inda bambancin ya ke. Wani sashe na furotin ɗin kamar carbi ya ke mai 'ya'ya 146, na shida kaɗai aka musanya. Saboda wannan musanya, in iska ta yi ƙaranci sai himogulobin ya manne da juna ya zama kamar tsinke, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar jini mai lafiya ta kan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa da ƙyar ta ke kai kwana 20, shi ya sa jininsa kullum a ƙasa ya ke.

Abin Da Likita Watson Ta Lura

Tun cikin 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura jinin sababbin jarirai ba ya cika lanƙwashewa, ko da sun gāji ciwon. Ta ce dalili shi ne ɗan tayi yana da irin nasa himogulobin dabam, wanda a ke juyowa daga wani babi dabam, kuskuren nan kuwa ba ya cikinsa. Bincike ya gaskata ta. Ran haihuwa himogulobin na jarirai ya kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na jinin yaro. Daga nan sai jiki ya riƙa rufe wannan babi yana buɗe na manya, har a jinin baligi mai lafiya na jarirai ba ya kai kashi 1 cikin 100. Ga mai sikila, babi mai kyau a ke rufewa a buɗe mai kuskure.

An kuma ga ba kowa ne babinsa ke rufewa ƙam ba. A gabashin ƙasar Saudiyya da wasu sassan Indiya akwai masu sikila da himogulobin na jarirai ya ke saura da yawa a jininsu, ciwon kuwa ya kan zo musu da sauƙi. Kuskurensu ɗaya ne da na yaranmu, yawan abin da a ke juyowa daga babin jarirai ne ya raba. Babin yana nan cikin littafin kowa har ya mutu, ba a yage shi ba, kulle shi kawai aka yi.

To, wane ne dogarin da ke tsaron wannan ƙofa? Cikin 2007 Swee Lay Thein da jama'arta a Landan suka gwada DNA na masu himogulobin na jarirai da yawa da na masu kaɗan, sawu ya kai su ga wani babi mai suna BCL11A. Cikin 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka rage furotin ɗin BCL11A cikin ƙwayoyin jini da suka rena a ɗakin bincike, sai himogulobin na jarirai ya tashi. Nan aka tabbata shi ne dogarin.

Hanya Biyu Ta Buɗe Ƙofa

Hanya ta fari an same ta tun ba a san sunan dogarin ba. Cikin 1984 aka ga wani tsohon maganin cututtukan jini, haidiroksiyuriya, yana ƙara himogulobin na jarirai. Cikin 1995 aka bayyana sakamakon gwada shi ga manya 299 a Amurka da Kanada. Waɗanda suka sha, ciwo ya tasam musu wajen sau biyu da rabi a shekara, waɗanda ba su sha ba sau huɗu da rabi. Cikin 2019 wani gwaji ga yara fiye da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda ya nuna maganin yana aiki a Afirka, ya rage tashin ciwo da ƙarin jini da mace-mace.

Mu ma da hannunmu a ciki. A Kano da Kaduna likitocinmu, tare da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun auna gudun jini a jijiyoyin kan yara masu sikila, suka ware 220 waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, suka ba su maganin. Sakamakon da aka buga cikin 2022 ya nuna awo kaɗan ma yana kāre yaro daga shanyewar kamar yadda matsakaicin awo ke yi.

Hanya ta biyu sabuwa ce. A kan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a yi amfani da wata dabarar yanka DNA mai suna CRISPR a lalata wurin da ke tā da dogarin nan cikin ƙwayoyin jini, sa'an nan a mayar masa da su. Ingila ta yarda da wannan magani, Casgevy, cikin Nuwamba 2023, Amurka ta bi cikin Disamba. Daga majiyyata 31 da aka bi lafiyarsu, 29 sun yi shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Amma kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, kuma sai an kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi wanda ya kan hana haihuwa.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Hanya ta biyu ta fi ƙarfin talakanmu a yau, ta fari kuwa ƙwaya ce da a ke haɗiya sau ɗaya a yini. Sai dai ba magani ne na saye a kasuwa ba, tilas likita ya yanka awo, ya riƙa duba jini lokaci lokaci, domin in ya yi yawa yana rage ƙwayoyin jini masu yaƙin cuta. Ba ya kuma kankare gadon. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon, watau AS, in biyu irin haka suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Don haka awon jini kafin aure yana nan wajibi ga mai hankali.

Muna roƙon malamai, in kun ga yaro mai alamun da muka zana, ku kira uban ku gaya masa ya kai shi asibiti a auna, kada a ɓata lokaci da zargin mayu ko iska. Akawuna da sauran ma'aikatan hukuma kuwa, ku ne ke rubuta tsarin kuɗi, ku tuna wa shugabanninku da maganin nan da awon jinin jarirai sa'ad da a ke kasafin asibitoci. Watannin nan shida na fari rata ce da Allah ya ba jariri, in an gane ciwon cikinsu a kan fara kiyaye shi tun bai kwanta ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.