Ko Kun Sani? Makaɗin da Jitarsa Ke Rera Masa Waƙa

Ko kun san cewa Joe Satriani, shahararren makaɗin jita ɗan Amurka, ya yi suna ne da kiɗan rok zalla, wanda babu muryar mawaƙi a cikinsa? Jitar lantarki ce ke rera karin waƙar, ganguna na yi mata rakiya.

An haife shi a jihar New York a 1956. Ya rungumi jita yana ɗan shekara 14, bayan da ya ji labarin mutuwar makaɗin jita Jimi Hendrix a 1970. Ƙaramin faifansa na 1984 da kansa ya fitar da shi, babu wani babban kamfani a bayansa. A cikin faifan, hatta amon ganga daga jikin jita da tsirkiyoyinta ya samar da shi. Kundinsa na 1986, Not of This Earth, da katin bashi na banki ya biya kuɗin naɗarsa.

Haƙarsa ta cim ma ruwa a 1987 da kundin Surfing with the Alien, wanda aka sayar da kwafi sama da miliyan 1 a Amurka. Ya kuma koyar da kiɗan jita; cikin makaɗan da ya koyar akwai Steve Vai, da kuma Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica.