Shago A Ƙofar Gida: Neman Halal, Haƙƙin Maƙwabci Da Dokar Gari

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya ratsa unguwannin Malanville da hantsi zai ga abin da ido ya riga ya saba da shi har ya daina lura. Nan zaure ne aka fasa masa ƙofa ya koma shago, can rumfar tela ce ta ci rabin hanya, gaba kaɗan injin niƙa yana ruri jikin katanga, ga kuma tebur da aka jera wa kwalaben esansi daura da murhun mai ƙosai. A cikin gidaje kuwa iyayenmu mata suna suyar ƙuli-ƙuli da dakan fura, yara na fita da su talla. Kusan babu gidan da ba a neman wani abu a cikinsa ko a ƙofarsa.

Wannan ba abin mamaki ba ne, domin garin namu kasuwa ce ta raine shi. Tun da aka gina gadar da ta haɗa mu da Gaya a kan kogin Kwara a 1958, kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Nijar ta nan suka riƙa bi, kuma ana lissafa kasuwarmu a matsayin ta biyu a ƙasar Binin bayan Dantokpa. Ƙidayar 2013 ta sami mutum 168,641 a gundumar, a yankunanta biyar: Malanville, Garou, Guéné, Madécali da Toumboutou. To, da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, sai manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin gada. Binin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairu 2024, Nijar kuwa ta bar nata a rufe. Mutane da yawa da ke ci daga dako da lodi da sayar wa direbobi abinci suka koma neman na cefane a ƙofar gidajensu. Ba wanda zai zarge su. Sai dai ƙofar gida ba ta mai gida ce shi kaɗai ba, kuma daga nan ne rigima take farawa.

Na tuna wata shari'a da aka kawo zauren mahaifina, kasancewarsa limamin unguwa, ina zaune gefe ina zuba shayi. Wani bawan Allah ya tara ƴan kuɗinsa ya sayi injin niƙa, ya kafa shi jikin katangar da ta raba shi da maƙwabcinsa. A bayan katangar nan kuwa ɗakin wata tsohuwa ne mai fama da hawan jini. Kafin wata uku katanga ta tsage, tsohuwa ta daina barcin rana. Mai inji ya ce: "Malam, cikin gidana ne, da kuɗina na saya, kuma da shi nake ciyar da mutum tara." Maƙwabcin ya ce idan ba a ɗauke ba zai kai ƙara wurin ƴan sanda. Kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, kuma shekara ashirin suna sallah a sahu ɗaya.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, bari mu duba abin da hukuma ta tanada, domin yawancinmu sai an zo da fenti an yi wa rumfa alama muke tambaya.

Abu na farko shi ne hanya. Dokar filaye ta ƙasa, mai lamba 2013-01 ta 14 ga Agusta 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017, ta sanya tituna da gefensu da gaɓar kogi cikin dukiyar jama'a. Irin wannan wuri ba a sayar da shi, kuma daɗewa a kansa ba ta mayar da shi mallakar mutum, ko da ya shekara talatin. Abin da ma'aikatar magajin gari take iya bayarwa shi ne izinin zama na wucin gadi, wanda za ta iya janyewa. Saboda haka tikitin da ɗan rumfa yake biya wa masu karɓar haraji ba takardar mallaka ba ce. Mutanen kudu sun ga haka da idonsu a Janairu 2017, lokacin da gwamnatin Patrice Talon ta shiga rushe rumfuna da kiyos-kiyos da ke kan gefen tituna a Kwatano da sauran manyan birane. Mu Musulmi ba za mu manta da wannan lokaci ba, domin har sallar Juma'a a kan titi aka hana, sai da shugabannin addini suka gana da shugaban ƙasa aka sami sassauci. Idan sahun sallah bai tsira daga dokar hanya ba, ina ga rumfar mai shayi?

Na biyu shi ne ginin kansa. Tun da aka yi zaɓen gundumomi na farko a ƙarshen 2002, rabon filaye da izinin gini da kula da kasuwanni suna cikin ayyukan gunduma. Izinin gini, wanda ake kira permis de construire da Faransanci, ba don sabon gida kaɗai ake nemansa ba. Aikin da zai sauya fuskar gini ta waje, ko ya mayar da wurin kwana wurin sana'a, shi ma ya shiga ciki. Matar da ke sayar da daddawa daga ɗakinta ba ta sauya komai ba, gidan yana nan gida, sana'ar kuma ƴar rakiya ce. Amma wanda ya rushe ɗakuna biyu ya yi sito na buhunan albasa da shinkafa, manyan motoci suna tsayawa a lungu suna sauke kaya, wannan ya mayar da gida wani abu dabam, kuma ya kamata ya fara da zuwa ma'aikatar magajin gari kafin ya kira magini.

Ƴan haya su ne suka fi faɗawa cikin wannan rami. A Binin hayar gidan zama tana da dokarta, hayar wurin sana'a kuma tana ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ƙasashe 17 suke aiki da su, har da Binin da Nijar, ban da Nijeriya. Bisa dokar da aka sabunta a Lome a Disamba 2010, wanda ya kama shago zai iya ƙara sana'ar da ke da alaƙa da wadda aka rubuta a yarjejeniya, matuƙar ya sanar da mai gida, shi kuma mai gida yana iya ƙi idan yana da ƙwaƙƙwaran dalili. Sauya sana'a gaba ɗaya kuwa, misali daga ɗinki zuwa walda, sai da yardar mai gida a fili tun kafin a fara. Dokar ta ba ɗan haya haƙƙin sabunta haya idan ya yi shekara biyu yana sana'a a wurin bisa sharaɗi. Wanda ya kama ɗaki da sunan kwana ya mayar da shi shago a ɓoye ya saɓa alkawari, kuma ranar da aka ce ya tashi zai yi wuya ya sami abin riƙewa. A rubuta yarjejeniya, jama'a, ko da tsakanin wa da ƙane ne.

Sai batun ƙara. An yi doka a kanta a 2001, aka sabunta ta a 2022, kuma ta ware lokutan hutu a ranakun aiki: daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana, da kuma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Injin niƙa da na walda da janareta duk sun shiga, haka ma lasifikar masu biki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, yawancin wannan magana malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga sun tattauna ta tun kafin a san wani abu wai shi ma'aikatar magajin gari. Tushenta shi ne hadisin hana cuta da cutarwa da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ya wuce ta wurin da aka hana buɗe taga mai leƙa gidan maƙwabci. Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara da hayaƙi, da warin majema, da buɗe shago daura da ƙofar wani, saboda masu zama a shago za su riƙa ganin shiga da fitar iyalinsa. Wannan na ƙarshe dokar gwamnati ba ta damu da shi ba, alhali a wurinmu shi ne ya fi ciwo. Mata nawa ne suka daina fita ta ƙofar gidansu saboda majalisar samari a bencin mai shago? A gefe guda kuma, game da ƙara zalla, irin ta mai bugu ko maƙeri, Muhtasar bai hana ba, sai masu sharhi suka ce ana hanawa idan ta yi tsanani ta kuma dawwama. A nan dokar ƙasa ta fi tsauri. Malamai sun kuma bambanta cutar da aka tarar da wadda aka ƙirƙira daga baya: wanda ya zo ya gina gida kusa da tsohuwar maƙera ba daidai yake da wanda aka kawo wa maƙera jikin ɗakinsa ba.

Akwai wani magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnu Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gini. Ya ba da labarin yadda ake gwada dutsen niƙa: a rataye takarda da zare jikin rufin da ke kan katangar da ake ƙara a kanta, a zuba mata busassun ƙwayoyin kusbara, sannan a kunna niƙa. Idan ƙwayoyin suka motsa, girgiza tana isa katanga, sai a ɗauke dutsen.

Mahaifina bai rataye takarda ba, domin tsagewar katanga ta isa shaida. Ya tashi da kansa ya je ya gani, sannan ya sa aka matsar da injin zuwa ɗaya kusurwar gidan, wajen da ke kallon fili, aka zuba masa daɓen siminti nasa na dabam. Aka yi sharaɗin a kashe shi daga azahar zuwa la'asar, kada kuma a kunna bayan isha'i. Mai inji ya ɗauki gyaran katanga, maƙwabcin kuma ya ba da buhun siminti ɗaya don a sauƙaƙa masa. Aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Ni dai a ganina irin wannan sulhu ya fi zuwa caji ofis, amma ba ya maye gurbin takardar hukuma. Liman yana iya sasanta maƙwabta, ba ya iya halatta rumfar da ke kan titi.

Abu ɗaya ne ban ga wurin sulhu a cikinsa ba, shi ne ajiye esansi a gidan da mutane ke kwana. Kowa ya san mai na Nijeriya, wanda mutanen kudu ke kira kpayo, yana ciyar da gidaje da dama a duk garuruwan bakin iyaka, duk da cewa dokar hukunta laifuka ta 2018 ta haramta cinikinsa. Amma ranar 23 ga Satumba 2023 wani sito na irin wannan mai ya kama da wuta a Sèmè-Kraké, kan iyakar Binin da Nijeriya, mutum sama da 30 suka rasu, har da jarirai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jarka ashirin a zaure, murhu a tsakar gida, ga zafin watan Afrilu na bakin Kwara. Maƙwabcin da ya yi shiru a kan wannan don kunya bai kyauta wa kowa ba. A faɗa wa mai shi da lalama, idan bai ji ba a kai maganar ga liman da mai unguwa, idan ta ƙi nan ma a kai ta gaba.

Ga wanda ke shirin buɗe shago a bana, hanyar ba ta da tsawo. Ya fara da sallama a gidajen da ke dama da hagu da kuma wanda ke daura da shi, ya nuna musu inda ƙofa za ta kalla. Ya je sashen filaye na ma'aikatar magajin gari a nuna masa inda iyakar filinsa ta tsaya da inda titi ya fara, domin a unguwannin da aka yi rabon filaye duwatsun iyaka sukan nutse cikin rairayi. Ya nemi lambar haraji ta IFU. Dokar OHADA ɗin nan ta buɗe wa ƙananan ƴan kasuwa wani matsayi mai sauƙi da ake kira entreprenant, inda mutum zai bayyana sana'arsa ba tare da kafa kamfani ba, kuma Binin na cikin ƙasashen da suka fara aiki da shi. Duk rasiɗin da aka ba shi ya adana a cikin leda, a wuri mai tudu, saboda waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san abin da ruwan Kwara yake yi wa takardun da aka ajiye ƙarƙashin katifa.