Likitan da ya kai asibitin ido ƙauye cikin tanti

Duk wanda ya tashi a karkara ya san irin tsohuwar nan da ba ta rabuwa da ɗan hantsaki, ko ta ɗaure shi a bakin zane ko ta rataye shi a wuya. In ido ya dame ta, sai ta kira jika ya cire mata gashin idon da ya lanƙwashe ciki yana sukar ƙwayar. Bayan 'yan kwanaki gashin ya sake tsirowa, a sake cirewa. A haka har hakiya ta rufe baƙin idon. Wannan shi ne ƙarshen ciwon da ake kira amosanin ido, wanda likitoci ke ce wa tirakoma. Ba shi ne Apolo ba, wanda ke zuwa da ja da kwantsa ya yi mako guda ya wuce. Shi amosanin ido tun mutum yana yaro yake kama shi, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, sai bayan shekaru masu yawa makantar ta biyo baya.

Ƙasar da ta fi kowace yin suna da wannan ciwo ita ce Masar. An ambaci alamunsa a wata tsohuwar takardar magani ta zamanin Fir'aunoni, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Da Napoleon ya kai yaƙi ƙasar a 1798, dubban sojojinsa sun kamu da ciwon ido, haka ma sojojin Ingila da suka je korar su. Suka koma gida da shi, ya bazu a barikoki, Turawa suka raɗa masa suna ciwon idon Masar. Cikin wannan zamani ne, a 1805, aka buɗe asibitin ido na Landan wanda daga baya aka san shi da Moorfields.

A wannan asibitin ne Arthur Ferguson MacCallan ya ƙware a aikin ido. An haife shi a 1872, ya yi karatu a Cambridge da asibitin St Mary's na Landan. A 1903 wani attajiri mai suna Ernest Cassel, wanda ya zuba kuɗi a ginin madatsar ruwa ta Aswan, ya ba da kimanin fam 40,000 don a kula da masu ciwon ido a Masar, a kuma koya wa likitocin ƙasar aikin. Aka nemi wanda zai riƙe aikin, aka samu MacCallan, lokacin bai daɗe da cika shekara 30 ba.

Kada a ɗauka kango ya je ya tarar. Masar tana da likitocin idonta, musamman a Alƙahira da Iskandariya. Tun kusan shekara dubu kafin zuwansa, malaman kiwon lafiya na Musulmi irin su Ali ibn Isa na Bagadaza sun bayyana ciwon dalla-dalla, sun kuma rubuta yadda ake kankare cikin fatar ido. Laƙabin likitan ido a wurinsu shi ne al-kahhal, daga kalmar kuhl, wato kwallin nan namu. Matsalar ita ce talakan ƙauye bai da hanyar kaiwa ga likita. Wanda ke kusa da shi wanzami ne. Shahararren marubucin nan Ɗaha Husaini, da aka haifa a 1889 a kudancin Masar, haka ya rasa ganinsa tun yana ƙarami: ciwon ido ne ya kama shi, aka kai shi wurin wanzami, maganin ya ƙarasa idon.

Da kuɗin da ke hannunsa MacCallan yana iya gina ɗan asibiti a Alƙahira ya zauna marasa lafiya su riƙa zuwa. Maimakon haka sai aka fara da asibitin tafi-da-gidanka, manyan tantuna da ake kafawa a bakin gari, a yi watanni ana aiki, sannan a naɗe a ƙara gaba. An fara a Manuf, can arewacin Alƙahira cikin gonakin Kogin Nilu, a farkon 1904. Tanti ɗaya na tiyata, wasu na kwanciya, magani kyauta. Da farko mutane sun yi ɗari-ɗari, domin Bature ne da wuƙa a ƙasar da Ingila ta mamaye. Amma idan makwabcinka ya shiga da gashi yana sukar idonsa ya fito yana barci lafiya, ba ka buƙatar mai shela. Ba a jima ba layi ya fi ƙarfin likitan.

A nan ne, a ganina, ya yi abin da ya bambanta shi da sauran masu hannu a tiyata. Ya riƙa juya fatar idon duk wanda ya zo, yana dubawa, yana rubutawa. Daga wannan tarin rubutu ya fitar da tsari a 1908 wanda ya raba ciwon mataki huɗu. Na farko shi ne sa'ad da ƙananan ƙuraje suka fara bayyana a cikin fatar ido ta sama. Na biyu, ƙurajen sun nuna, fatar ta yi kauri da kaushi. Na uku, tabo ya fara shiga amma ciwon bai mutu ba. Na huɗu, ciwon ya lafa, tabo kaɗai ya rage. Tabon nan shi ne mugun, domin shi ke tattare fatar ya jawo bakinta ciki, gashi ya koma yana gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Mai karatu zai ce to mene ne abin yabo a raba ciwo kashi-kashi? Amfaninsa shi ne likitan Aswan da na Iskandariya su kira abu ɗaya da suna ɗaya, a san wa ke yaɗa ciwon, wa ke buƙatar wuƙa, a kuma iya kwatanta bana da bara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi aiki da tsarinsa shekaru da dama, kafin ta fito da wani mai sauƙi a 1987 wanda ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya riƙewa.

Lissafin nasa ya kuma tona wani abu. Amosanin ido ya game kusan kowa a ƙauyukan, amma yawancin waɗanda suka makance farat ɗaya wani ciwon ne ya makantar da su, wato ciwon ido mai ruwan mugunya da ke ɓarkewa duk shekara idan zafi ya shigo, ƙudaje suka yi yawa. Cikin kwanaki kaɗan yake huda baƙin idon jariri. Ɗaya daga ƙwayoyin da ke haddasa shi Robert Koch ne ya gan ta a Masar a 1883, lokacin da ya je binciken kwalara. Ciwo biyu ne ke hawa kan juna, ɗaya mai gaggawa, ɗaya mai jan jiki.

Abin mamaki, duk shekarun da ya yi a Masar bai taɓa riƙe ainihin maganin ciwon ba, bai kuma san takamaiman ƙwayar da yake yaƙa ba. A 1907 wasu masu bincike biyu, Halberstaedter da Prowazek, sun hango wasu ɗigo-ɗigo cikin ƙwayoyin fatar ido ta madubin likita a tsibirin Java, amma ba a iya raba ƙwayar a rene ta ba sai a shekarun 1950, lokacin da Tang Feifan da abokan aikinsa a Beijing suka rene ta cikin kwaiduwar ƙwai. Abin da ke hannun MacCallan shi ne matse ƙurajen, da kankare fatar, da ɗiga ruwan sinadarin azurfa, da goga wani shuɗin dutse na sinadarin jan ƙarfe. Magani ne mai zafi, kuma sai an yi ta maimaitawa watanni. Duk da haka ya kai shi makarantun firamare na gwamnati, domin ya gane cewa a idon yara ciwon yake zaune. Sai dai a lokacin 'yan makaranta tsiraru ne, kuma tun kafin yaro ya isa shiga aji ya riga ya kamu a bayan uwarsa. Wannan gurbi tantinsa bai iya cike shi ba.

A 1908 aka buɗe asibitin ido na dindindin a Tanta, wasu suka biyo baya a manyan garuruwan larduna, da taimakon gwamnati da gudunmawar mutanen gari. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an karkatar da wasu asibitocin wajen jinyar sojojin da suka ji rauni. Da ya ajiye aiki a Masar bayan kimanin shekara 20, ya bar asibitocin ido sama da 20 da likitoci 'yan ƙasa wajen 100 da suka koyi aiki a ƙarƙashinsa. Aka gina cibiyar binciken cututtukan ido a Giza, wadda aka buɗe a 1925. Shi kuwa ya koma Landan, ya yi aiki a asibitin Westminster, ya wallafa babban littafinsa kan tirakoma a 1936, ya kuma shugabanci ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta yaƙi da ciwon. Ya rasu a 1955.

Ciwon da ya bari a bakin Nilu shi ne dai wanda ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Yanzu an san yadda yake yaɗuwa: ta hannu, ta tsumman goge fuska, ta ƙudan da ke sauka kan kwantsar yaro ya tashi ya sauka kan ɗan'uwansa, ƙudan da ke hayayyafa a bayan-gidan da aka yi a fili. Saboda haka aikin ya zama ƙafa huɗu: tiyatar fatar ido, da raba maganin azithromycin ga gari baki ɗaya, da wanke fuskar yara, da samar da ruwa da masai. Biyun ƙarshe ba aikin likita ba ne, kuma su ne suka kawar da ciwon daga Turai tun kafin a sami ƙwayar magani. Ghana ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 cewa ciwon ya daina zama barazana ga al'ummarta. Masar kuwa sai a ƙarshen 2025 ta samu tata, shekara 121 bayan kafa tantin Manuf.