Hoton Ƙwaƙwalwa: Awo Ɗaya Ba Ya Yanke Hukunci

A shekarar 2020 mujallar Nature ta wallafa wani gwaji da ya girgiza masana. An bai wa rukunin masu bincike 70 hotunan ƙwaƙwalwa iri ɗaya da aka ɗauka da na'urar MRI, aka ce su amsa tambayoyi tara. Kowane rukuni ya bi hanyar lissafinsa daban, kuma amsoshinsu sun saɓa a tambayoyi da dama.

Dalili shi ne, launukan da ake gani a irin wannan hoto lissafi ne kwamfuta ke yi a kan sauyin iskar da jini ke kaiwa sassan ƙwaƙwalwa. A 2009 wani mai bincike, Craig Bennett, ya sa mataccen kifi a na'urar, ya yi lissafin ba tare da tace kuskure ba, sai hoton ya nuna kamar ƙwaƙwalwar kifin tana aiki. A 2022 Scott Marek da abokan aikinsa suka nuna cewa danganta hoto da halayyar mutum yana buƙatar dubban mutane, alhali kusan rabin nazarce-nazarcen ba su wuce mutum 25 ba. Sikelin da ke ba da nauyi biyu a buhu ɗaya, ba mai yarda da shi a kasuwar Maigatari.

Wannan darasi na rashin dogaro da awo ɗaya ya shafi iyayen Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar masu kai 'ya'yansu masu sikila asibitocin Kano. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, likitoci tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suna auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara da na'urar sauti. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wannan iyaka ta fito ne daga binciken STOP na 1998, wanda bai karɓi yaro ba sai awo biyu sun nuna haɗarin. Binciken SPRING da aka yi a Kano da Kaduna kan yara 220, aka wallafa a 2022, ya nuna ƙaramin kaso na maganin hydroxyurea ma yana ba da kariya.

Saboda haka idan likita ya ce a dawo da yaro a sake awo, iyaye su daure su dawo da shi a ranar da aka sa musu.