Watan da muke duba ne ke juya injin wuta a bakin teku

Mutumin Dutse ya san wata da sanar da azumi da salla. Ƙalilan ne suka san cewa watan nan shi ke jan ruwan teku ya ciko gaɓa, sannan ruwan ya janye, sau biyu a kwana. Daga cikowa zuwa cikowa kimanin awa 12 ne da minti 25. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, ƙarfin rana kan haɗu da na wata, sai cikowar ta fi ta kullum.

Wannan kai-komo na ruwa ne Faransa ta yi wa tarko a 1966, a bakin kogin Rance. Aka gina madatsa mai injuna 24, masu ƙarfin megawat 240 a jimlace. Teku ya ciko, a bar ruwa ya shiga, a rufe ƙofofi. Ya janye, a saki wanda aka tsare, ya bi ta cikin injuna yana juya farfela. Har yau tashar na aiki. Koriya ta Kudu ta buɗe tata a tafkin Sihwa a 2011, megawat 254. A arewacin Sikotilan kuwa ba a gina madatsa ba. Aikin MeyGen ya dasa injuna 4 a ƙarƙashin teku, tamkar fankokin iska da aka nutsar. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ƙaramar farfela ke yin aikin babba.

Abin da ya fi burge ni shi ne teku ba ya saɓa alkawari. Injiniya zai gaya maka tun yau ƙarfe nawa ruwa zai ciko ranar kaza baɗi. Fankokin Lambar Rimi da ke Katsina ba su da wannan gata. Sai yadda iska ta ga dama.

Sai dai ba kowane teku ne ke da wannan rabo ba. A Rance, tazarar cikowa da janyewa ta kai mita 8 a matsakaici, a gaɓar Fundy ta Kanada har 16. A Legas kuwa wajen mita 1 ce. Ga gishiri mai cin ƙarfe, ga tsadar gyara a ƙarƙashin ruwa. A ganina, ƙauyen masunta a Bayelsa zai riga ganin wutar sola kafin ta teku, duk da gaɓar Najeriya ta haura kilomita 800.

To mu fa, 'yan tudu? Rana ce tamu, kuma in ban da hazo da hadarin damina, ita ma mai cika alkawari ce. Cikas ɗinsu ma ɗaya ne: ruwan teku kan tsaya cak tsakanin cikowa da janyewa, rana kuma takan faɗi daidai lokacin da mai shayi da ɗalibi da ɗakin haihuwa suka fi buƙatar haske. Maganar duka ta koma kan ajiya, wato batir.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Don haka duk ranar da aka kawo aikin sola Kiyawa ko Jahun, kada jama'a su tsaya ga ƙirga faranti. A tambayi awa nawa batirin zai riƙe bayan magariba, kuma wa zai sake shi idan ya mutu.