Mafi ƙarancin albashi: haƙƙin ma'aikaci ne, ba alfarma ba

Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu Nijar ya koma jika 42 na sefa a wata. Wannan shi ne abin da ake kira SMIG. Kafin nan jika 30 da tamma 47 ne, kuma a nan ya tsaya tun shekarar 2012, alhali kuɗin hatsi da na haya suna ta hawa. Ƙarin ya kusa kai jika 12. Idan muka raba jika 42 cikin kwana 30, za mu samu 1.400 a yini. Kowa ya san wannan bai ciyar da iyali yadda ya kamata. To amma ko shi ɗin, mutum nawa ke samunsa?

Mu duba masu gadi a ƙofar gidaje, da ƴan aikin gida, da yaran gidan burodi, da masu jiran shaguna a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Da yawa cikinsu ba su taɓa jin sunan SMIG ba. Waɗanda suka ji kuwa suna zaton na ma'aikatan gomnati ne da na manyan kamfanoni. Ba haka ba ne. Dokar aiki ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta shafi duk wanda ke yi wa wani aiki a ƙarƙashin ikonsa, ana biyansa lada. Ko da ba a sa hannu a takarda ba, yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce a gaban doka. Kuma in mai gida ya ce ma'aikacin ne da kansa ya yarda da jika 25, wannan ba hujja ba ce. Yunwa ce ta yarda, doka ba ta yarda ba.

Dokar ta tsaida lokacin aiki a kan awa 40 a mako, abin da ya ɗoru a kai ana biyansa daban. Ta kuma wajabta wa mai ba da aiki ya riƙa ba ma'aikaci takardar albashi, ya rubuta sunansa a asusun CNSS, inda kuɗin fansho da na haɗarin aiki suke fitowa.

To, wanda aka tauye yaya zai yi? Da farko ya riƙa rubuta ranar da ya fara aiki da abin da ake ba shi kowane wata, ya kuma san shaidunsa. Sa'an nan ya kai kuka wurin sufeton aiki na jiharsa, wanda zai kira ɓangarorin biyu domin sulhu. In sulhu ya gagara, sai kotun ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN ma suna iya raka mutum.

Mun san abin da ke rufe bakin mutane shi ne tsoron kora, domin aiki ya yi wuya. Shi ya sa muke kira ga waɗanda suka iya karatu su karanta wa ƴan uwansu wannan shafi. Mu kuma da muke da mai gadi ko yarinyar aiki a gida, mu lissafa abin da muke biya a ƙarshen wata kafin mu zargi wani.