Ɗaga Mara Lafiya ba Tare da Rauni ba: Shawara ga Masu Jinya a Duwala

Idan kun taɓa kwana da mara lafiya a asibitin Laquintinie, ko asibitin gunduma na New Bell, ko asibitin mata da yara da ke Yassa, kun san yawancin hidimar jiki a hannun dangi take. Likita zai duba, nas ta yi allura ta sa ƙarin ruwa, amma wanka da juyawa da kai wa bayi na mai jinya ne, wanda ma'aikata ke kira garde-malade. Bayan sallama kuwa, aikin duka gida yake komawa.

Sau da yawa mukan ga an sallami tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, bayan wata biyu sai ga shi an dawo da shi da kafaɗa a goce, 'yar da ke jinyarsa kuma tana dafe da kwankwaso. Mara lafiya ɗaya ya zama biyu. Ba rashin ƙauna ya jawo ba, ba a taɓa nuna mata yadda ake yi ba ne. Ƙa'idar guda ce: kada ku ɗaga mutum in kuna iya mirgina shi, ko zame shi, ko taimaka masa ya motsa da kansa.

Nauyin da baya ke iya ɗauka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya. Binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ya sa iyakar abin da mai jinya ɗaya zai ɗaga na jikin mara lafiya a kilo 16. Jarkar ruwa mai lita 20 ma ta fi haka. Babban mutum yakan kai kilo 60 ko fiye.

Kada ku ce ai 'yan dako a Marché Central suna saɓa buhu mai kilo 50. Buhu ba ya jin zafi, ba ya firgita, ba ya saki jiki a tsakiyar tafiya. Mutum ba shi da mariƙi, kuma ku kuna wannan aiki ne safe, rana da dare, wata da watanni.

Kafin ku taɓa shi

Ku yi masa magana tukuna: "Baba, za mu juya ka ɓangaren dama." Ko ba ya iya amsawa, yana iya ji. Wanda ya san abin da za a yi yakan taimaka, wanda aka auka wa kuwa sai ya ƙanƙame jiki. Ku rufe masa jiki da zani, ku saki labule. In da hali, namiji ya kama wa namiji, mace ta kama wa mace.

Ku kawar da buta, tabarma da takalma daga hanya, ku goge ruwa a ƙasa. A daminar Duwala siminti yakan yi santsi, takalmin soso kuma yakan zame. In akwai robar fitsari, ku lura kada ta saƙale, jakarta kuma ta kasance ƙasa da mara kullum.

Ku ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ku lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ku matso kusa da shi. In za ku juya, ku juya da ƙafa, kada ku murɗa ƙugu. Mai ciki, da wadda ta haihu ta hanyar tiyata kwanan nan, da yara, ba su ne masu ɗagawa ba.

Juyawa a kan gado

Wanda ba ya iya motsi da kansa a juya shi kowane awa biyu. Juyawa a lokacin salla kaɗai bai isa ba, domin tsakanin Asuba da Azahar da nisa, haka ma tsakanin Isha da Asuba. Ku raba dare a tsakaninku.

Ku tsaya ta gefen da zai fuskanta. Ku lanƙwasa gwiwarsa ta nesa, ku ɗora hannunsa na nesa a ƙirji. Hannunku ɗaya a bayan kafaɗarsa, ɗaya a kwatangwalo, sai ku mirgino shi wajenku a hankali. Ku tare bayansa da matashi, ku sa wani tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin hannun da ya shanye.

In ya zamo zuwa ƙafar gado, kada ku ja shi ta hammata. Ku ninka zani mai kauri ya zauna ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu, ɗaya ta kowane gefe, ku naɗe bakin zanin har kusa da jikinsa, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, ku zame shi sama tare. Shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin yana sauƙaƙa zamewa, amma ku cire ta bayan an gama, don zufa tana ruɓar da fata.

Duk juyawa, ku duba dunduniya, kwatangwalo, ƙasan baya, gwiwar hannu da ƙeya. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Ku nemi wurin da ya fi duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko sheƙi. Farkon gyambon kwanciya ke nan. Kada ku murza wurin, ku ɗauke masa nauyi.

Daga gado zuwa kujera

Wannan na wanda ke iya taka ƙafa ɗaya ne, kuma yana fahimtar magana. Ku ajiye kujera ta ɓangarensa mai ƙarfi, ku jingina ta da bango, in keken marasa lafiya ne ku sa birki. Ku mirgina shi gefe, ku sauko da ƙafafunsa, ya dogara da gwiwar hannu ya zauna. Ku bar shi minti ɗaya ko biyu jiri ya wuce.

Ku ɗaura masa ɗamara da zani a ƙugu, ita za ku riƙe. Ku tare gwiwarsa mai rauni da taku. Ya sunkuyo gaba, ya tura gado da hannunsa mai lafiya, ku miƙe tare, ku juya da ƙananan taku, ya zauna. Kada ya rataya a wuyanku. Kada kuma kowa ya ja hannun da ya shanye: naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, ja kaɗan sai ta goce, ciwonta kuwa yakan daɗe.

In ya tafi faɗuwa, kada ku yi kokawar tsayar da shi. Ku jawo shi jikinku, ku sulale da shi ƙasa a hankali, kuna kare kansa.

Mai kwana a ƙasa

A ɗakuna da yawa na New Bell katifa a ƙasa take. Ku durƙusa a kan gwiwa, kada ku yi masa hidima a sunkuye. In jinyar za ta daɗe, ku nemi gado ko ku sa kafinta ya yi dandamali da katako. Ya fi muku sauƙi, ya kuma raba shi da ruwan da ke shiga ɗaki idan an yi mamako.

Daga lungu zuwa mota

Inda tasi ba ta shiga, kada ku goya shi, kada ku ɗora shi a benskin. Ku zaunar da shi a kujera mai ƙarfi, ku ɗaure shi da zani, mutum biyu su ɗauka. Wanda ba ya iya zama, mutum huɗu su ɗauke shi a bargo mai kauri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kira maƙwabta, ba abin kunya ba ne.

Mazauna Yassa, babbar hanyar Edeya da Yawunde ta gabanku ta bi. In haɗari ya auku, kada ku fizgo mutum ta hannu da ƙafa. Ƙashin wuya ko na baya yana iya karyewa, motsi ɗaya kuma ya yanke laka, ya shanye har abada. In babu wuta ko wani haɗari a wurin, ku bar shi yadda yake har taimako ya zo. In tilas ne a ɗauke shi, ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, uku su mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙyaure ko faffaɗan katako.

Yaushe za ku zo asibiti?

Ku kawo shi idan fata ta fashe ko tana wari, idan ya faɗi ya bugi kai, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta karkace bayan faɗuwa. Ku ma ku zo idan ciwon bayanku yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa. In fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce muku, ku zo a ranar.

Kafin a sallame ku, ku roƙi nas ko mai gashin ƙashi ya nuna muku waɗannan dabaru, ku gwada a gabansa, ku kuma koya wa wani a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.